Éric Chahi

Éric Chahi Bafaranshe ne mai ƙirƙirar wasannin bidiyo, mai rubuta manhaja kuma mai zane. An haife shi ranar 21 ga Oktoba, 1967, a garin Yerres da ke yankin Essonne, kusa da birnin Faris. Sunansa ya fita duniya ne ta dalilin Another World, wasan da ya fito a 1991, wanda ya gina kusan shi kaɗai cikin shekara biyu. Bayansa ya yi Heart of Darkness a 1998, From Dust a 2011, da Paper Beast a 2020. Manyan wasanni huɗu ke nan cikin kusan shekara talatin, abin da ya yi kaɗan idan aka kwatanta da tsararrakinsa. Sai dai kowane ɗaya a cikinsu yana ɗauke da tambarin mai shi: ƙarancin magana, yawan hoto, da halitta mai rauni a cikin duniyar da ta fi ƙarfinta.

Tasowarsa

Chahi ya fara rubuta wasanni a 1983, yana ɗan shekara goma sha biyar zuwa sha shida, a kan Oric, wata ƙaramar kwamfutar gida ƙirar Ingila da ta samu karɓuwa sosai a Faransa. A wancan zamani yaro ɗaya a ɗakinsa yana iya rubuta wasa daga farko har ƙarshe, ya kai wa kamfani, a buga a kaset a kai kasuwa. Kamfanin Loriciels na cikin waɗanda suka buga ayyukansa na farko. Daga Oric ya koma kan Amstrad CPC, inda ya yi wasanni irin su Infernal Runner da Le Pacte.

A ƙarshen shekarun 1980 ya ɗan jingine rubuta manhaja ya duƙufa kan zane. Ya zana hotunan wasu wasanni na kamfanin Chip, ciki har da wanda aka gina kan tarihin Jeanne d'Arc. A 1989 ya haɗu da Paul Cuisset na kamfanin Delphine Software da ke Faris, ya zana masa hotunan wasan Les Voyageurs du temps, wanda aka sayar a ƙasashen Turanci da sunan Future Wars. Wasan ya yi kasuwa. Kason da Chahi ya samu daga cinikin shi ne ya zame masa jari, ya ba shi damar zama a gida ya yi aikin kansa ba tare da wani ya tsaya masa a ka ba.

Another World: yadda aka gina shi

Matsalar da ke gaban duk mai yin wasa a 1989 ita ce wuri. Kwamfutar Amiga 500, wadda Chahi ya yi aiki a kanta, ƙwaƙwalwarta ta asali kilobait 512 ce, faifanta kuma yana ɗaukar kilobait 880. Hoto guda da ake ɗauka da wayar hannu a yau ya fi ƙarfin wannan faifai. Chahi ya ga wasan Dragon's Lair da aka mayar kan Amiga, mai manyan hotuna masu motsi kamar fim ɗin zane, amma yana cinye faifai da yawa. Sai ya lura cewa zanen wasan launuka ne shimfiɗaɗɗu, ba inuwa mai yawa. Idan haka ne, maimakon a adana kowane ɗigon hoto, ana iya adana kusurwoyin siffar kawai, kwamfuta ta ja layi tsakaninsu ta cika ciki da launi. Irin waɗannan siffofi masu kusurwoyi su ake kira foligon. Siffar mutum da za ta ci dubban ɗigo sai ta koma 'yan lambobi.

A watan Agustan 1989 ya fara gwada wannan dabara. Ya rubuta tushen manhajar da harshen da ke magana kai tsaye da injin kwamfutar, ya rubuta manhajar zanensa da harshen GFA Basic, sannan ya ƙirƙiri wani ƙaramin harshe nasa na kansa wanda da shi yake ba wa kowane abu a cikin wasan umarni. Wannan mataki na ƙarshe ya yi amfani fiye da yadda aka zata, domin duk wanda yake so ya kai wasan kan wata na'ura, ƙaramin mai fassara harshen kawai zai sake rubutawa, sauran wasan ya tafi yadda yake. Shi ya sa Another World ya shiga na'urori masu ɗimbin yawa, daga Atari ST har wayoyin zamani.

Don motsin jiki ya yi kama da na gaske, Chahi ya ɗauki motsin mutum da kyamarar bidiyo, ya shigar da hoton cikin kwamfuta, ya riƙa bin sawunsa da foligon hoto bayan hoto. Launi goma sha shida kawai yake da su a allo lokaci guda. Ya zaɓi shuɗi da toka-toka da baƙi, ya bar wa jarumin jan gashi. Kiɗa da sautuka ne kaɗai ya nemi hannun wani a kansu, wato abokinsa Jean-François Freitas. Hoton bangon kwalin wasan ma shi ya zana.

Bai rubuta labarin tun farko ba. Yakan gama wani sashe, sannan ya tambayi kansa abin da ya kamata ya biyo baya. Bayan wata goma sha bakwai yana aiki, kashi ɗaya cikin uku kawai ya kammala, dole ya sauƙaƙa hanyar aikinsa ya ƙara sauri. Ya sha faɗa cewa a watannin ƙarshe ya gaji tilis, kuma wannan gajiya ta shiga cikin wasan: a ƙarshensa jarumin yana jan ciki ne a ƙasa, ya kasa miƙewa.

Labarin wasan

Jarumin, Lester Knight Chaykin, matashin masanin kimiyya ne. Wasan yana buɗewa da shi yana isowa ɗakin gwajinsa da dare cikin baƙar mota ƙirar Ferrari, hadari na haɗuwa. Ya sauka ƙarƙashin ƙasa, ya kunna na'urar da ke gudu da ƙwayoyin zarra, ya buɗe gwangwanin lemo yana sha. Tsawa ta faɗa kan na'urar. Lester da wani yanki na teburinsa suka ɓace, suka bayyana a ƙarƙashin ruwa a wata duniya.

A nan ne wasan yake nuna halinsa. Babu rubutun da ke cewa an fara. Babu maki a saman allo, babu ma'aunin lafiya, babu taswira. Mai wasan da ya zauna yana jiran a gaya masa abin yi zai ga wasu dogayen hannuwa sun taso daga ƙasan ruwa sun janye Lester. Sai a karo na biyu yake gane cewa linzamin yana hannunsa tun ɗazu, ya yi iyo ya fito. Da ya fito kuma, can nesa a kan tsauni ana hango wata baƙar dabba tana kallonsa kafin ta ɓace. Mintoci kaɗan sai ga ta a gabansa.

Mutanen wannan duniya sun kama Lester suka kulle shi cikin kejin da ke rataye a sama, tare da wani fursuna ɗan ƙasar. Masu wasa sun saba kiransa Buddy, wato aboki. Su biyun ba sa jin harshen juna. Lester ya riƙa lilo da kejin har ya tsinke ya faɗo kan mai gadi, ya ɗauki bindigarsa, suka gudu tare. Bindigar tana aiki iri uku: harbi na yau da kullum, garkuwar haske da ke tsayawa gaban mai ita, da babban harbi mai fasa bango. Daga nan har ƙarshe su biyun suna rabuwa suna haɗuwa, wannan ya ceci wancan, wancan ya ceci wannan. Babban abin da Chahi ya cim ma shi ne wannan zumunci, domin an gina shi da dafa kafaɗa, da miƙa hannu, da nuni, kuma mai wasa yana jin sa a ransa ba tare da an fassara masa kalma ko ɗaya ba.

Wasan yana da wuya, kuma ana yi masa wannan suka da gaskiya. Kuskure ɗaya ya isa ya kashe Lester, wasu tarkunan kuma ba a gane su sai an faɗa ciki. Wanda ya san hanya yana iya gama shi cikin ƙasa da awa ɗaya, wanda bai sani ba zai kwana da yawa a kai.

Fitowa da tasiri

Delphine Software ya fitar da wasan a ƙarshen 1991 a kan Amiga da Atari ST. Da masu sharhi suka ce ya yi gajarta, Chahi ya ƙara masa wani sashe a bugun kwamfutocin DOS. A Amurka kamfanin Interplay ya sayar da shi da sunan Out of This World, saboda akwai wani shirin talabijin da ya riga ya ɗauki sunan Another World. A Japan kuma Outer World aka kira shi. Rebecca Heineman ce ta mayar da shi kan na'urar wasan Super Nintendo.

An samu saɓani tsakaninsa da Interplay lokacin da kamfanin ya so ya canja kiɗan buɗe wasan. Chahi ya rubuta saƙon cewa a bar kiɗan asali a kan doguwar takarda, ya liƙe bakinta biyu ta zama zobe, ya saka a na'urar fas mai aika takarda ta layin tarho, saƙon ya yi ta fita a ofishinsu ba ƙaƙƙautawa. Daga baya lauyoyi ne suka warware maganar, kiɗan buɗewar ya tsira.

An sayar da kwafin wasan kimanin miliyan ɗaya a shekarun 1990. Interplay ya fitar da ci gabansa, Heart of the Alien, a 1994 a kan Sega CD, amma Chahi bai riƙe ragamar aikin ba, kuma bai gamsu da abin da ya fito ba. Mutane da yawa suna ɗaukar Flashback na 1992 a matsayin ci gaban Another World saboda kamfani ɗaya ne kuma salon ya yi kama, alhali aikin Paul Cuisset ne, labarinsa daban.

Manyan masu yin wasanni na Japan sun ambaci tasirinsa a kansu. Fumito Ueda ya sanya shi cikin abubuwan da suka haifar da Ico, wasan da shi ma aka gina kan mutum biyu da ba sa jin harshen juna. Hideo Kojima da Goichi Suda sun sa shi cikin wasannin da suka fi burge su. A 2012 gidan adana fasahar zamani na MoMA da ke New York ya zaɓi wasanni goma sha huɗu na farko da zai adana, Another World na ciki tare da Pac-Man da Tetris. Bayan rufe Delphine a 2004, haƙƙin wasan ya dawo hannun Chahi, aka sake fitar da shi da gyararren hoto a 2006, sannan a wayoyin iPhone daga 2011.

Heart of Darkness

A 1992 Chahi da wasu abokan aiki, ciki har da Frédéric Savoir, suka kafa Amazing Studio. Wasansu labarin wani yaro ne mai suna Andy, mai tsoron duhu, wanda aka sace karensa Whisky yayin husufin rana, ya bi shi zuwa ƙasar inuwoyi. An zana motsin da hannu, makaɗin fina-finai Bruce Broughton ya tsara kiɗan, cikakkiyar ƙungiyar makaɗa ta buga shi. Aikin ya ci shekara shida. Kafin ya fito a 1998 a kan PlayStation da Windows, kasuwa ta riga ta karkata ga wasannin da ake zagayawa cikinsu ta kowace fuska, wasa irin nasu, da ake kallo daga gefe ɗaya kawai, ya zama tamkar tsohon yayi. An yaba kyan zanensa, amma Amazing Studio bai sake fitar da wani wasa ba.

Duwatsu masu aman wuta da From Dust

Bayan wannan doguwar wahala Chahi ya janye daga harkar na tsawon shekaru. Ya yi tafiye-tafiye, ya yi zane da ɗaukar hoto, ya kamu da son duwatsu masu aman wuta. A 1999 ya je dutsen Yasur da ke Vanuatu ya ga aman wuta da idonsa.

Abin da ya gani a can shi ne ya dawo da shi. Tare da reshen kamfanin Ubisoft na birnin Montpellier ya yi From Dust, wanda ya fito a watan Yulin 2011 a kan Xbox 360, daga baya a kwamfuta da PlayStation 3. Mai wasa yana sarrafa wani iko da ake kira Numfashi, yana ɗibar yashi ko ruwa ko narkakken dutse daga nan ya zuba can, don wata ƙabila mai yawo ta samu hanya da matsuguni. Ƙasar wasan tana da rai: ruwa yana zaizaye yashi ya buɗe sabuwar hanya, narkakken dutse yana sanyi ya zama katanga, tsiro yana bin danshi, wuta tana bin tsiro. Mai wasa zai tare kogi ta gabas ya tarar ya ɓalle ta yamma ya nufi ƙauyen da yake karewa. Ikon da aka ba shi babba ne, amma kullum ambaliyar teku da dutse sun fi shi.

Pixel Reef da Paper Beast

Chahi ya kafa ƙaramin kamfaninsa, Pixel Reef, a Montpellier. Wasansu na farko, Paper Beast, ya fito a watan Maris na 2020 don gilashin PlayStation VR, wanda ake sawa a fuska a ji kamar ana cikin wurin. Tunanin wasan shi ne cewa a cikin tarin bayanan da ke yawo a intanet wata duniya ta tsiro da kanta, da dabbobin da suka yi kama da takardar da aka naɗe. Suna kiwo, suna farautar juna, iska tana kwasar marasa nauyi a cikinsu. Kamar a Another World, babu mai yi wa mai wasa bayani. Yana lura da halin kowace dabba, abin da take ci da abin da take gudu, da haka yake samun hanyar wucewa. A cikin shekarar aka fitar da shi a kwamfuta, har da bugun da ba ya buƙatar gilashin.