Mahamadou Issoufou, ɗan majalisar Tawa: tarihin siyasarsa da zaɓuɓɓukan da ya shiga

Mahamadou Issoufou, wanda Hausawa suke kira Mahamadu Isufu, magoya bayansa kuma suke yi wa kirari da Zaki, ɗan siyasar Jamhuriyar Nijar ne. An haife shi a shekarar 1952 a garin Dandaji da ke gundumar Illela, cikin jihar Tawa, ƙasar Adar. Duniya ta fi saninsa da shugabancin ƙasar da ya yi daga 2011 zuwa 2021, amma kafin nan ɗan majalisar dokoki ne da jam'iyyar PNDS-Tarayya take tsayarwa. An zaɓe shi a 1993, da 1995, da 1999, da 2004, ya kuma shugabanci majalisar na kusan shekara guda. A tsakanin waɗannan shekaru ya nemi shugabancin ƙasa sau huɗu, ya faɗi sau huɗu. Kujerar Tawa ce ta riƙe shi a fagen siyasa har ya kai ga takara ta biyar.

Kafin siyasa

Injiniyan ma'adinai ne. Ya yi karatun wannan fanni a birnin Saint-Étienne na Faransa, ya dawo gida ya riƙe muƙamin daraktan ma'adinai na ƙasa daga 1980 zuwa 1985. Daga nan ya koma kamfanin SOMAÏR mai haƙar yuraniyom a Arlit. A ƙarshen shekarar 1990, lokacin da ɗalibai da ƙungiyoyin ƙwadago suka matsa wa gwamnatin Janar Ali Saibou lamba sai ta buɗe ƙofa ga jam'iyyu barkatai, shi da wasu abokansa, ciki har da Mohamed Bazoum, suka kafa PNDS-Tarayya mai aƙidar gurguzu sassauƙa. Yawancin waɗanda suka fara ɗaukar tutarta mai ruwan hoda malaman makaranta ne da ma'aikatan gwamnati da tsofaffin 'yan gwagwarmayar ɗalibai. Babban taron ƙasa na 1991 shi ya share hanyar zaɓen farko.

Yadda ake cin kujera a Tawa

Ba a fahimtar tarihin kowane ɗan majalisa a Nijar sai an san yadda ake zaɓen kafin juyin mulkin 2023. A lokacin babu majalisun dokoki na jihohi irin na Najeriya, majalisa ɗaya ce a Yamai. Kowace jiha mazaɓa ce guda. Jam'iyya takan jera sunayen 'yan takararta, mai zaɓe ya dangwala wa jam'iyya, sannan a raba kujerun jihar gwargwadon ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu. Bayan waɗannan akwai kujeru takwas na musamman da aka ware wa ƙananan ƙabilu, kamar ta Tasara a arewacin jihar Tawa. A 1993 jimillar kujerun 83 ce.

Wannan tsari yana nufin ɗan majalisar Tawa ba wakilin gari ɗaya ba ne. Jerin sunayensa sai ya samu karɓuwa daga masu noman albasa na Galmi, da 'yan kasuwar Konni da ke bakin iyaka, da manoman tuddan Buza da Keita, har zuwa makiyayan Abalak da Cintabaraden. Ga kuma al'adar Adar ta cirani: da an gama kaka samari da magidanta da yawa sukan kama hanyar Najeriya ko Abijan ko Libiya, zaɓen Nijar kuwa yawanci da rani ake yin sa. Saboda haka duk wanda ya tsaya a bakin rumfar zaɓe a wani ƙauyen Adar zai ga layin mata ya yi tsawo, da goyo a baya, kowace ta fito tana duban tawadar da aka shafa mata a yatsa. Jam'iyyar da ta yi sakaci da ƙungiyoyin mata a wannan jiha ta yi wa kanta. Tarayya ba ta yi wannan sakacin ba, kuma har ƙarshen zamaninta Tawa ce gidanta.

1993 zuwa 1996

A zaɓen 'yan majalisa na 14 ga Fabrairu 1993, MNSD-Nasara, tsohuwar jam'iyyar gwamnati, ta samu kujeru 29. CDS-Rahama ta Mahamane Ousmane ta samu 22, PNDS-Tarayya 13, ANDP-Zaman Lahiya ta Moumouni Adamou Djermakoye kuma 11. (Abin lura ne cewa a lokacin kusan kowace jam'iyya a Nijar tana da harufan Faransanci a gaba da laƙabin Hausa a baya, kuma da laƙabin jama'a suke kiranta.) Issoufou ya ci kujerarsa a mazaɓar Tawa. Mako biyu bayan haka aka yi zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa, ya zo na uku da kashi 15.92 cikin ɗari, bayan Tandja Mamadou na MNSD da Mahamane Ousmane. Jam'iyyun da ke son raba MNSD da mulki sun riga sun ɗaura ƙawancen AFC, don haka ya mara wa Ousmane baya a zagaye na biyu. Ousmane ya ci, a watan Afrilu kuma ya naɗa shi firaminista.

Auren bai yi ƙarko ba. A watan Satumba 1994 shugaban ƙasa ya sa hannu kan wata doka da ta rage ikon firaminista. Issoufou ya ajiye aiki ranar 28 ga watan, ya fitar da jam'iyyarsa daga AFC, ya je ya haɗa kai da MNSD ɗin da suka taru suka kayar. Nan take gwamnati ta rasa rinjaye. Ousmane ya rusa majalisa, aka koma rumfunan zaɓe a watan Janairu 1995. Tarayya ta samu kujeru 12, ta ragu da ɗaya, amma ita da MNSD da ƙananan ƙawayensu sun tara 43 cikin 83. Da wannan rinjaye na ƙyar aka tilasta wa shugaban ƙasa karɓar Hama Amadou na MNSD a matsayin firaminista, aka kuma zaɓi Issoufou shugaban majalisa a watan Fabrairu 1995.

Shekarar da ta biyo baya zaman doya da manja ce. Shugaban ƙasa da firaminista suka yi ta jayayya kan wanda ke da ikon naɗa manyan ma'aikata da wanda zai tsara abin da za a tattauna a taron ministoci, har aikin gwamnati ya kusa tsayawa. Har yau ana muhawara a Nijar kan rabon laifi a wannan rikici. Masu kare Issoufou suna cewa shugaban ƙasa ne ya fara karya alkawarin ƙawance. Masu sukarsa suna cewa ficewar da ya yi a 1994 ita ce ta tsinke igiyar da ke riƙe da Jamhuriya ta Uku, wato mulkin farar hula da aka kafa da zaɓen 1993. Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da gwamnati, aka tsare shugaban ƙasa da firaminista da shugaban majalisa gaba ɗaya. Issoufou ya zauna cikin ɗaurin talala har watan Afrilu.

A zaɓen 7 da 8 ga Yuli 1996, ana tsakiyar aiki Baré ya rusa hukumar zaɓe ta CENI ya kafa wata, ya kuma sa aka killace abokan takararsa a gidajensu. Sakamakon da aka bayyana ya ba Issoufou kashi 7.60, na huɗu. 'Yan adawa ba su taɓa yarda da wannan lissafi ba, suka kuma ƙaurace wa zaɓen 'yan majalisa na Nuwamba.

Madugun 'yan adawa

An kashe Baré a filin jirgin saman Yamai ranar 9 ga Afrilu 1999, Manjo Daouda Malam Wanké ya jagoranci riƙon ƙwarya na 'yan watanni. A zagayen farko na 17 ga Oktoba, Tandja ya samu kashi 32.33, Issoufou 22.79, Ousmane 22.51. Tazarar da ta kai shi zagaye na biyu ba ta kai rabin kashi ɗaya ba. Ousmane ya rama abin da aka yi masa, ya bi Tandja. Ranar 24 ga Nuwamba Tandja ya ci da kashi 59.89, Issoufou ya tashi da 40.11, ya amince da shan kaye ya taya abokin takararsa murna. A wannan rana aka yi zaɓen majalisa: Tarayya ta samu kujeru 16, shi kuma Tawa ta sake mayar da shi.

A 2004 labarin bai canza sosai ba. Ya samu kashi 24.60 a zagayen farko, sauran 'yan takarar da suka faɗi suka ɗunguma bayan Tandja, ya ƙare da 34.47 a zagaye na biyu ranar 4 ga Disamba. An ƙara kujerun majalisa zuwa 113, Tarayya da ƙawayenta suka samu 25.

Waɗannan shekaru goma su ne ainihin zamansa na ɗan majalisa, kuma su ne aka fi mantawa. Adawa a Nijar aiki ne mai cin rai. Muƙamai da kwangila suna hannun gwamnati, ɗan majalisar adawa kuwa yakan wayi gari ya tarar da mutanen ƙauyensu a ƙofar gida, wannan da takardar magani, wancan da kuɗin makarantar yaro, wani kuma kuɗin motar komawa gida kawai yake nema. A irin wannan hali jam'iyyu da yawa sun dare gida biyu ko uku, shugabanninsu suka sulale cikin gwamnati. Tarayya ta tsaya a dunƙule, kuma wannan abin a yaba ne ko da mutum ba ɗan jam'iyyar ba ne.

Ranar da wannan haƙuri ya fi yin amfani ita ce 31 ga Mayu 2007. An gano an yi sama da faɗi da kuɗin da ƙasashe masu ba da agaji suka zuba a ma'aikatar ilimin firamare, badaƙalar da aka sani da sunan MEBA. 'Yan adawa suka shigar da ƙudurin yanke ƙauna ga gwamnatin Hama Amadou. A lissafin kujeru ba su da ko kusa da ƙuri'u 57 da ake bukata, kuma sun sha gwada irin wannan a baya ba su yi nasara ba. Da aka ƙirga sai ga ƙuri'u 62. Wasu daga cikin masu rinjaye sun juya wa gwamnatinsu baya. Hama ya sauka bayan shekara bakwai a kan kujera, Seyni Oumarou ya gaje shi.

Tazarce

A 2009 Tandja ya nemi ya zarce bayan wa'adinsa na biyu. Ya rusa majalisa ranar 26 ga Mayu, daga baya ya rusa kotun tsarin mulki da ta ce masa a'a, ya shirya ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta. Da rushewar majalisar Issoufou ya rasa kujerarsa da rigar kariyar da take ba shi. Ya jagoranci masu adawa da tazarce, aka tsare shi na ɗan lokaci, aka kuma tuhume shi da almundahana, zargin da ya ce bi-ta-da-ƙulli ne. Jam'iyyarsa ta ƙaurace wa zaɓen majalisa na Oktoba. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kawar da Tandja.

Takara ta biyar da ta shida

A zagayen farko na 31 ga Janairu 2011 ya zo na ɗaya a karon farko, da kashi 36 da 'yan kai, Seyni Oumarou na biye da kashi 23, Hama Amadou da sabuwar jam'iyyarsa ta Lumana kusan kashi 20. Hama, wanda 'yan adawar Issoufou suka kayar a majalisa shekara huɗu da suka wuce, shi ne ya ba shi ƙuri'un da suka cike giɓin. Ranar 12 ga Maris ya ci da kusan kashi 58, aka rantsar da shi ranar 7 ga Afrilu. Hama ya zama shugaban majalisa, amma a 2013 suka raba gari.

Zaɓen 2016 shi ne tabon da ke cikin wannan tarihi. Issoufou ya samu kashi 48.43 a zagayen farko ranar 21 ga Fabrairu, jam'iyyarsa kuma kujeru 75 cikin 171. Wanda ya zo na biyu da kashi 17.73 Hama ne, kuma yana tsare a gidan kason Filinge bisa zargin safarar jarirai, bai fita yaƙin neman zaɓe ko na yini ɗaya ba. Kwanaki kaɗan kafin zagaye na biyu aka ɗauke shi zuwa Faransa neman magani, 'yan adawa suka ƙaurace, aka bayyana Issoufou ya ci da sama da kashi 92. Gwamnati ta ce shari'ar Hama tsakaninsa da kotu ne. Duk da haka, mutumin da aka killace a gidansa a zaɓen 1996 ya fi kowa sanin ciwon takara a bayan ƙofa, kuma wannan ƙorafi bai bar bakin 'yan Yamai ba, inda Lumana ta yi ƙarfi.

Bai nemi wa'adi na uku ba. Ranar 2 ga Afrilu 2021 ya miƙa mulki ga Mohamed Bazoum, karo na farko a tarihin Nijar da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa wani zaɓaɓɓe, aka kuma ba shi lambar yabo ta Mo Ibrahim ta shekarar 2020. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani ya kawar da Bazoum ya rusa majalisar dokoki, a watan Maris 2025 kuma hukumomin soja suka rusa dukkan jam'iyyun siyasa, har da PNDS-Tarayya.