Tambayoyi da amsoshi kan ajiyayyen saitin gyaran hoto

Shekara da shekaru ina koya wa yara gyaran hoto a shagona, kuma duk wanda ya zo sai ya kawo mini tambayoyin da wanda ya gabace shi ya kawo, har na gaji da maimaita magana ɗaya. Saboda haka na rubuta amsoshin a wuri guda, domin wanda zai tambaya ya fara karantawa. Yawancin bayanin ya shafi Lightroom na kamfanin Adobe, wanda ya fara fitowa a shekarar 2007, domin da shi muke aiki.

Tambaya: Maigida, mene ne firiset?

Amsa: Ajiyayyen saiti ne. Ka gyara hoto ɗaya, ka ce wa manhajar ta riƙe lambobin da ka tsayar a kan kowane ma'auni, domin ka ɗora su a kan wani hoton da dannawa ɗaya. A mafi yawan saituna lambobi ne kawai, ba su da idon da za su ga abin da ke cikin hoton, kuma wanda ya riƙe wannan ya huta da rabin tambayoyin da ke ƙasa.

Tambaya: Idan na ɗora shi, ainihin hoton zai lalace?

Amsa: Ba zai lalace ba. Lightroom ba ya taɓa fayil ɗin da kyamara ta ɗauka, yana rubuta gyaran ne a kundinsa dabam, kuma kana iya mayar da hoton yadda yake a kowane lokaci. Ka kwantar da hankalinka, ka gwada duk abin da kake so.

Tambaya: Na sayi tarin saiti a intanet, amma duk wanda na ɗora sai fatar mutane ta koma kamar an shafa mata toka. Me ya sa?

Amsa: Saboda ba a kan fatarmu aka auna su ba. Launin fatar ɗan Adam, baƙi ne ko fari, yana zaune ne a ɓangaren ruwan lemu da ja na ma'aunin launuka, kuma yawancin saitin da ake sayarwa suna rage ƙarfin ruwan lemu su ƙara masa haske, domin hakan yana dacewa da farar fata a ƙarƙashin rana mai sanyi. Idan aka yi wa baƙar fata haka sai jininta ya tafi, ƙyallinta ya dushe, jan lallen hannun amarya ma ya koɗe. A nan zan ja kunnenku, domin na ga wasunku da gangan suke ajiye saitin da ke haskaka fata suna ɗora shi a kan kowace amarya. Na taɓa yin wannan kuskuren a farkon sana'ata, uwar amarya ta dawo mini da albam ta ce wannan ba 'yarta ba ce, kuma gaskiya ta faɗa. Ku bar wa mutane launin da Allah ya ba su, ku gyara hasken da ya sauka a kansu kawai.

Tambaya: Yaya ake ajiye shi?

Amsa: A sashen gyara, ka danna alamar tarawa da ke saman jerin saituna ta hannun hagu, ka ba shi suna, ka zaɓi rukunin da zai shiga, ka sa alama a akwatunan abubuwan da kake so ya riƙe. Ka ba shi sunan da ke faɗin aikinsa, kamar zaure da dare ko rana tsaka a waje. Kada in sake ganin saiti mai suna sabo na biyu a kwamfutar shago.

Tambaya: Na ɗauki hotunan biki guda, tun daga ɗaurin aure har zuwa walima. Shin saiti ɗaya zai ishe ni, kuma waɗanne akwatuna zan sa wa alama?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ta danganta da yadda ka yi ɗaukar. A mafi yawan lokuta saiti ɗaya zai ishe ka ta fuskar salo, wato bambancin haske da duhu, da lanƙwasar haske, da yanayin launuka, amma ba zai ishe ka ta fuskar yawan haske da daidaiton fari ba, wato ma'aunin da ke sa farin abu ya fito fari a ƙarƙashin kowane irin haske, don haka shawarata ita ce ka cire alamar waɗannan biyun lokacin ajiyewa. Dalili shi ne saiti ba ya ƙarawa a kan abin da ya tarar, yana share lambar da ke wurin ne ya rubuta tasa. Hasken rana tsaka, irin wanda ake ɗaurin aure a cikinsa a ƙofar masallaci, yana wajen 5500 a ma'aunin Kelvin da ake auna launin haske da shi, yayin da ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa na cikin ɗaki yake wajen 3000. Idan saitinka ya riƙe 5500, ka ɗora shi a kan hoton kamu da aka ɗauka a ɗaki, komai zai koma ruwan goro. Idan kuma ya riƙe 3000 ka kai shi waje, farar shaddar ango za ta koma shuɗiya. Haka yake ga ma'aunin yawan haske, wanda ke tafiya daga 5 ƙasa da sifiri zuwa 5 sama da shi: ƙarin da ya ceci hoton da ya yi duhu a zaure shi ne zai ƙone fararen riguna a waje.

Duk da haka akwai wurin da nake barin alamar, shi ne situdiyo, inda fitilu ba sa motsi, bango ɗaya ne, kuma saitin kyamara ba ya sauyawa daga safe zuwa yamma. A irin wannan wuri riƙe daidaiton fari a cikin saiti yana rage aiki ƙwarai, da sharaɗin ba ka buɗe taga hasken rana ya shigo ya gauraya da na fitila ba. A zauren biki ma wani lokaci yakan yiwu, idan ka ɗauki hotunan duka daga wuri ɗaya da fitilarka, amma zaurukan yanzu cike suke da fitilu masu sauya launi, kuma hoton da ka ɗauka fitila tana shunayya ba zai karɓi gyaran wanda ka ɗauka tana kore ba, ko da daƙiƙa biyu ce tsakaninsu.

Sannan ka duba irin fayil ɗin. A hoton RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, daidaiton fari yana tafiya ne da lambobin Kelvin, daga 2000 zuwa 50000, amma a JPEG, wato hoton da aka riga aka sarrafa aka matse, ma'aunin yana tafiya daga 100 ƙasa da sifiri zuwa 100 sama da shi, don haka saitin da aka yi a kan ɗaya ba lallai ya ba da sakamako iri ɗaya a kan ɗayan ba. JPEG kuma matakan haske 256 kawai yake riƙewa a kowane launi, alhali RAW na kyamarori da yawa yana riƙe 16,384, shi ya sa saiti mai ƙarfi da RAW zai ɗauka lafiya yakan tsattsaga sararin sama a JPEG ya bar shi layi-layi. Idan kun yi aikin ku biyu, kai da Canon abokinka da Nikon, ka sani cewa tsarin launi da ke kwaikwayon kyamarar wani kamfani ba ya hawa kan hoton wani kamfanin, kuma a irin wannan hali za ka ga sunan saitin ya karkace a jeri, alamar cewa wani ɓangarensa ba zai yi aiki a kan hoton ba.

Abin da ni nake yi shi ne, ina ɗora saitin salo a kan hotunan duka tun lokacin shigar da su, sannan in raba su gwargwadon wuri da lokaci, in gyara yawan haske da daidaiton fari a hoto ɗaya na kowane rukuni, in kwafa wa sauran 'yan rukunin. Idan salon ya yi wa wani rukuni yawa, tun daga shekarar 2022 akwai ma'aunin ƙarfin saiti mai tafiya daga 0 zuwa 200, sai in sauke shi zuwa 60 ko 70. Idan lokacin hunturu ne kuma hazo ya rufe gari, ina da ɗan ƙaramin saiti dabam wanda ba ya taɓa komai sai ma'aunin kawar da hazo, kuma kaɗan nake sawa, domin yana duhunta fuska ya ƙara wa launi nauyi. Wannan hanyar ba ta hana ka duba hotuna ɗaya bayan ɗaya kafin ka miƙa aiki. Ko ni da na daɗe a sana'ar ina dubawa.

Tambaya: Idan na sauya saitin daga baya, hotunan da na riga na gyara da shi za su sauya?

Amsa: Ba za su sauya ba, sai ka sake ɗora musu shi da hannunka.

Tambaya: An ba ni tsofaffin fayiloli masu ƙarewa da lrtemplate. Sun daina aiki ne?

Amsa: Suna aiki. A watan Afrilu na shekarar 2018 Adobe ya sauya tsarin zuwa fayiloli masu ƙarewa da XMP, domin Lightroom da Camera Raw, wata manhajarsa ta gyaran hoton RAW, su riƙa amfani da saiti iri ɗaya, kuma idan ka shigar da tsohon fayil manhajar za ta juya shi da kanta.

Tambaya: Zai gyara hoton da hannu ya girgiza, ko wanda farar riga ta ƙone a cikinsa?

Amsa: Ba zai gyara ba. Abin da kyamara ba ta ɗauka ba babu saitin da zai dawo da shi, kuma na sha faɗa muku ku duba bayan kyamara tun kuna wurin biki.

Tambaya: Zan iya kai saitin kwamfuta zuwa waya?

Amsa: Za ka iya. Lightroom Classic, wato na kwamfuta da muke magana a kansa, ba ya aika saituna zuwa waya da kansa, don haka ko dai ka shigar da su a ɗaya Lightroom ɗin mai haɗe da intanet, ko ka fitar da hoton da ka gyara a matsayin fayil ɗin DNG, wanda ke tafiya da lambobin gyaran, ka buɗe shi a waya, ka ajiye saitin daga jikinsa. Snapseed, wata manhajar gyaran hoto ta waya, yana da nasa tsarin na ajiye salo, amma ba ya karanta na Lightroom.

Tambaya: Kwamfutata ta mutu, an sake mata Windows, saitunana duka sun tafi. Akwai yadda za a yi?

Amsa: Idan an share faifan gaba ɗaya kuma ba ka kwafe su ba, da wuya su dawo, kuma wannan sakaci ne da ba na son ji daga bakin wanda ya san halin wutar lantarkinmu. Saituna suna zaune ne a foldar CameraRaw da ke cikin AppData, wadda Windows ke ɓoyewa, shi ya sa mai gyaran kwamfuta yakan kwashe hotunanka ya manta da su. Amma kada ka ɗaga hankalinka fiye da kima, domin idan kundin Lightroom ɗinka ya tsira, kowane hoto da ka gyara yana ɗauke da lambobinsa, kana iya buɗe shi ka sake ajiye saitin daga gare shi. Da zarar ka gama, ka danna rukunin da maɓallin dama, ka fitar da shi a fayil ɗaya, ka sa kwafi a filas, ka aika wa kanka wani ta imel.