Rage Tashin Amoniya daga Kashin Alade Tare da Samar da Bayogas

Amoniya iska ce mai wari da yaji a ido, tana tashi daga kashin alade da zarar ya cakuɗe da fitsari. Fitsarin na ɗauke da yuriya, kashin kuma na da wani sinadari da ake ce wa yuriyes, su biyun suna haɗuwa cikin 'yan awanni yuriyar ta fara rikiɗewa zuwa amoniya. A Tarayyar Turai sama da kashi 90 cikin 100 na amoniyar da ke shiga iska daga noma da kiwo take fitowa.

Bayogas kuwa gas ne da ƙwayoyin bakteriya ke samarwa idan an zuba kashin a rufaffen tanki mara iska, yawanci a zafin digiri 35 zuwa 40, kuma fiye da rabinsa mitan ne wanda ke kama wuta. To amma fa tankin ba ya cinye naitirojin, wato sinadarin taki da ke cikin kashin wanda ke tashi a matsayin amoniya. Ruwan da ke fitowa bayan an gama ma ya fi ɗanyen kashin saurin sakin amoniya, don ma'aunin pH ɗinsa (ma'aunin tsami, wanda in ya hau amoniya ta fi tashi) ya hau zuwa wajen 8, ya tsinke, kuma ba kasafai yake yin ɓawon da ɗanyen kashi ke yi a sama ya tare iska ba, in aka bar shi a buɗe sai takin ya bi iska a banza. Shi ya sa ake rufe tankin ajiya da tanti, a gona kuma a tura ruwan cikin ƙasa da inji maimakon a watsa.

A Denmak wasu masu kiwo na zuba asid na salfa har pH ya sauko 5.5, amoniyar ta kwanta a cikin ruwa. Dabarar na aiki sosai, sai dai salfa in ta yi yawa tana rage mitan kuma tana kawo warin ruɓaɓɓen ƙwai, don haka sai an gauraya da wanda ba a sa wa asid ba. Abin da ya fi dacewa da bayogas shi ne a riƙa kwashe kashin daga ƙarƙashin ɗakin aladun duk mako ko ma kullum, tun yana sabo bai zubar da mitan ɗinsa ba. Wasu tashoshin bayogas kuma na ɗumama ruwan da ya fito daga tankin su hura masa iska, a kama amoniyar da asid ta zama takin amoniyam salfet.