Waiwaye: Shekaru 35 da muka tsallake a tarihin bauta a ƙasar Sakkwato

Tun da Tarayyar Afirka ta ware shekarar 2025 don neman adalci da diyya ga 'yan Afirka da jikokinsu da ke warwatse a duniya, maganar bauta ta sake tasowa a rediyo da shafukan sada zumunta. A Sakkwato ma ana taɓa ta a majalisun dare da zauren ɗalibai. Wasu na cewa a biya diyya kawai, ai daga ƙetare ɓarnar ta zo. Wasu kuma na cewa a bar kaza cikin gashinta. Ranar 25 ga Maris, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2007 don tunawa da waɗanda bauta ta cinye, takan zo ta wuce a nan kamar ba da mu ake ba. Shirun nan ba yau ya fara ba.

Farkon labarin sananne ne. Cikin shekaru kusan 400 an loda mutum wajen miliyan 12.5 a jiragen ruwa zuwa nahiyar Amurka, kusan miliyan 2 ba su kai gaci ba. Ingila ta haramta cinikin a 1807, Barazil kuwa sai 1888 ta soke bautar. Da namu a ciki. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan fara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1804 sun gangarar da kamammu ta ƙasar Nufe da ta Yarbawa har bakin teku, shi ya sa aka samu Hausawa a gaban tawayen bayi na Bahia, a Barazil, a 1807 da 1814. A tawayen Musulmi da aka yi a can Bahia a Janairun 1835, cikin watan azumi, an tsinci layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ta arewa kuma ayari na ratsa Sahara zuwa Tarabulus. Malaman jihadi sun yi rubutu a kan haramcin bautar da ɗa Musulmi, kuma a 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tattauna da matafiyin nan ɗan Birtaniya, Clapperton, a kan hana kai bayi gaɓar teku. Duk da haka, masana tarihi na ƙiyasta bayin da ke cikin daular Sakkwato a ƙarshen ƙarni na 19 tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5, galibinsu a rinji, wato ƙauyen bayi, da gandu suna noma.

Inda ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne yadda abin ya ƙare. A 1901 Turawan mulkin mallaka suka fitar da doka a Arewa, tun kafin Sakkwato ta faɗa hannun Turawa a Maris na 1903. Dokar ta hana harin kama bayi, ta hana saye da sayarwa, ta ce duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne. Amma ba ta ce mallakar bawa laifi ba ne, ba ta kuma buɗe ƙofar rinji ta ce kowa ya kama gabansa ba. Ka ɗauki yara biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaki ɗaya suke kwana. An haifi wan da damina a 1900, ƙanen da kaka a 1901. Ƙanen ɗa ne a takarda, wan kuwa dukiyar gida ne, sai ya fanshi kansa. Da safe dukansu gona ɗaya za su nufa da fartanya, don ƙanen ba shi da inda zai je ya bar uwarsa.

Hanyar da aka bar wa babba ita ce murgu. Bawa zai yi wa kansa aiki, dako ko jima ko saƙa ko cin rani, ya riƙa kai wa ubangidansa wani abu a kai a kai, sannan a gefe yana tara kuɗin fansar kai. Ga haraji kuma ya shigo, ana bin sa kamar kowa. Idan kuɗin ya cika, a je gaban alƙali a rubuta, a ba shi takardar 'yanci. Wato wanda aka yi wa asara shi ne ya biya diyya daga guminsa, aka miƙa wa wanda ya mallake shi. Takardar ba ta zo da gona ba, ba ta zo da iri ba. Da yawa, bayan sun karɓe ta, gandun da suka baro suka koma suna neman aron fili.

Na mata ya fi ciwo. Yawancin shari'o'in fansa da suka je kotu na mata ne, kuma sau da yawa namijin da ke son auren mace shi ke biyan kuɗin. Ta fita daga wannan hannu ta shiga wancan, littafi ya nuna an 'yanta ta.

Waɗanda ba su iya jira ba sun gudu, dubun dubatarsu. Samun filin noma a baƙon gari ya yi musu wuya, kuma an riƙa kallonsu a matsayin masu yawon banza. Cikin waɗanda suka taru a Satiru, kudu da Sakkwato kaɗan, suka yi wa mulkin Turawa bore, akwai gudaddun bayi da yawa. A Maris na 1906 aka rushe garin, aka kashe mutum wajen 2,000. Bayan wannan, mai niyyar gudu sai ya yi tunani biyu. Sai a 1936, shekaru 35 bayan dokar farko, doka ta ce kowa ɗa ne, ko yaushe aka haife shi. Wan nan da aka haifa a 1900 ya riga ya fara furfura.

A ganina nan tushen shirun yake. Abin da aka fi tsoro shi ne gonaki su zama kufai, don haka aka zaɓi bauta ta mutu a hankali, bayi su ƙare ɗaya bayan ɗaya. Haiti tana tuna daren 22 ga Agusta 1791 da bayinta suka fara tawaye, baƙaƙen fatar Amurka suna bikin ƙarshen bauta ranar 19 ga Yuni. Mu ba mu da wata rana da aka buga tambari aka ce yau an daina. Abin da ba a yi sanarwar mutuwarsa ba, ba a yi masa zaman makoki ba, sai ya koma raɗa.

Raɗar nan tana nan. Je ka zauna inda ake binciken aure. An aika dattijo ya bincika asalin yaro, ya dawo ya zauna a zaure, ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, yaron dai ba shi da aibu, yana da ilimi, yana da sana'a. Sai dai gidan nasu, ka san kakansu." Ba wanda zai ƙara kalma, magana ta mutu. Yarinya za ta ji an ce ba rabo. A masallacin unguwar kuwa kafaɗa da kafaɗa suke tsayuwa da mutanen gidan.

Ba tsohon labari kaɗai ba ne. A tsallaken iyaka, yankin Birnin Ƙonni da ke kallon Illela, an sayar da Hadijatou Mani tana 'yar shekara 12 a 1996. A 2008 Kotun ECOWAS ta tabbatar cewa bauta aka yi mata, ta ce a biya ta sefa miliyan 10.

Neman diyya daga ƙetare haƙƙi ne, ina tare da masu nemansa. Amma ba na jin muryarmu za ta yi ƙarfi a can muddin muna ƙin aurar da 'ya'yanmu ga jikokin waɗanda suka biya murgu a nan. Rajistocin waɗanda aka 'yanta suna ajiye a gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da sunayensu da abin da aka biya. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo za su iya kwafo na lardin Sakkwato, a fassara shi da Hausa, a karanta a rediyo ranar 25 ga Maris, a bi da addu'a kamar yadda ake yi wa kowane mamaci.