Kana son jitarka amma kana neman wacce ta fi ta inganci: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tambayoyin nan sun ishe ni wallahi. Kullum maganar ɗaya ce: ina da jitar lantarki da nake ƙauna, hannuna ya saba da ita, amma tana ba ni wahala, wace zan saya da ta fi ta? Na tattara su wuri guda, dan Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Wace jita ce ta fi kowace kyau?

Babu. Mu wuce.

To daga ina zan fara?

Daga jitar da ke hannunka. Ɗauki abin awo ka auna tsawon tsirkiya daga ɗan ƙashin nan da ke bakin wuya har zuwa gadar da ke jikin jitar. Stratocaster da Telecaster na kamfanin Fender inci 25.5 ne, Les Paul da SG na kamfanin Gibson inci 24.75, yawancin na PRS kuma inci 25. Bambancin bai kai inci ɗaya ba amma yatsunka za su ji shi tun ranar farko, don tsirkiya iri ɗaya ta fi tauri a kan mai tsawon, ta fi laushi a kan gajeriyar. Sai lanƙwasar allon yatsu: tsoffin Fender inci 7.25, na yanzu yawanci 9.5, Gibson 12, kuma iya girman lambar iya shimfiɗewar allon. Sai kaurin wuyan, sai nauyin jitar. Rubuta su duka a takarda. Abin da kake kira "son jitata" rabinsa waɗannan lambobin ne, kuma abin da ke ɓata min rai shi ne mutum ya yi shekara biyar yana kaɗa abu bai san awonsa ba, ya je ya zuba kuɗi a wata mai tsada, bayan sati biyu ya dawo yana cewa hannunsa ya ƙi ta. Yo ba dole ya ƙi ta ba?

Tawa Squier ce samfurin Stratocaster, me ke gaba da ita?

Squier ta Fender ce, don haka matakin gaba a bayyane yake: Fender da ake ƙerawa a Ensenada ta Meziko, sama da ita kuma ta Corona a Kalifoniya. In ba sunan ne ya dame ka ba, duba Legacy ta G&L, kamfanin da Leo Fender da kansa ya kafa tare da George Fullerton shekaru bayan ya sayar wa CBS kamfaninsa na farko a 1965. Akwai manyan samfuran Pacifica na Yamaha, akwai Silver Sky da PRS ta fitar a 2018. Amma lura, Silver Sky ta Amurka allonta 7.25 ne, in ka saba da 9.5 za ka ji bambanci.

Tawa kuma Epiphone Les Paul ce?

Gibson, mai Epiphone tun 1957. Ko H-150 ta Heritage, wanda tsoffin ma'aikatan Gibson suka kafa a 1985 a tsohuwar masana'antar Kalamazoo. Ko na Japan irin su Tokai da Greco da Burny in ka samu mai lafiya ta hannu. Ka ɗaga ta ka ji nauyin tukuna, da yawansu sun haura kilo 4, kuma ka duba bayan kan jitar da kyau, nan ne wannan ƙirar ta fi karyewa in ta faɗi.

Ashe ba wacce aka yi a Amurka ce ta fi ba?

Haba malam. Ka daina karanta sunan ƙasar da aka rubuta a kan jita, ka kaɗa ta. Ana yin jita masu kyau a Japan da Koriya da Indonesiya, ana kuma samun ta Amurka da ta fito da aikin ganin dama. Jita biyu samfuri ɗaya, masana'anta ɗaya, sai ka ji ɗaya ta fi ɗaya.

Wane katako ya fi ba da sauti mai daɗi?

Mutane sun daɗe suna musu a kan wannan, ni na daina shiga. A jitar lantarki fikof (na'urar da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi mai ɗaukar sautinsu) da amfilifaya (akwatin da ke ƙara sautin) da hannunka sun fi katako tasiri nesa ba kusa ba. Katako ka dube shi don nauyi da kuma ko wuyan yana tsayawa daram.

In kashe kuɗi in gyara wacce nake so, ko in tara in sayi wata?

Wannan ce tambayar gaske, kuma ba ta da amsa ɗaya, don haka ka yi haƙuri da tsawonta. Da farko kar ka canja komai sai ka kai ta wurin mai gyara ya yi mata saiti cikakke: ya daidaita ƙarfen da ke cikin wuya, ya gyara tsayin tsirkiyoyi, ya saita gada yadda sautin firet na 12 (firet su ne ƙarafan nan da ke gicciye a allon yatsu) zai yi daidai da na tsirkiya a sake, ya goge ramukan ɗan ƙashin nan na bakin wuya. Sau da yawa jitar da ake cewa ba ta da inganci saiti kawai ta rasa. Kaucewar sautin tsirkiya ma da kowa ke ɗora wa kunnuwan da ake murɗawa, galibi tsirkiya ce ke maƙalewa a ramin ƙashin, ko kuma ba a naɗe ta da kyau ba, ko sabuwa ce ba a ja ta ta zauna ba.

To in an yi saitin kuma har yanzu akwai matsala, sai ka tambayi kanka matsalar a ina take. In sauti ne, ko maɓallin ƙara yana ƙarƙar, ko makunnin sauya fikof yana yankewa, waɗannan duk ana cire su a sa wasu, kuma a ganina ya cancanta matuƙar kana son wuyan. Sai dai ka kula, fikof mai naɗin waya ɗaya yawanci da maɓallin ƙara mai lamba 250k yake tafiya, mai naɗi biyu da 500k, in ka haɗa su a juye sautin na iya yin duhu ko ya yi kaifi fiye da yadda kake so, ko da yake wasu da gangan suke yin hakan. Kuma ba kowane fikof ke shiga kowane rami ba, ba kowace gada ke dacewa da ramukan kusoshin da ke jikin jitarka ba, musamman masu arha da ake yi da awon milimita alhali kayan Amurka da inci ake yin su. Auna kafin ka saya, na faɗa na ƙara faɗa.

In kuwa matsalar a wuya take, nan lissafin ke canjawa. Firet da suka ci ana iya daidaita su sau ɗaya ko biyu, bayan nan sai an cire an sa sababbi, aikin kuma na iya cin abin da ya kusa kuɗin jitar kanta in mai arha ce. Wuyan da ya murɗe, ko ƙarfen cikinsa ya kai ƙarshe ba ya juyawa, wannan ni ba zan ce ka bi shi ba. Idan irin Fender ce mai wuya da aka ɗaure da kusoshi huɗu, ana iya canja wuyan gaba ɗaya, amma fa ka tuna wuyan ne kake so tun farko, in ka canja shi me ya rage? Idan irin Les Paul ce da aka manne wuyan da gam, to babu wannan hanyar cikin sauƙi.

Abu na ƙarshe da ba a son ji: kuɗin da ka zuba a gyara ba ya dawowa ranar sayarwa. Mai saye sunan da ke kan jitar yake biya, ba fikof ɗin da ka sa ba. Saboda haka in ka san za ka riƙe ta har abada, gyara ta hankalinka kwance, ka ajiye tsoffin kayan a leda. In kuwa zuciyarka ta riga ta tafi wurin wata, kar ka ɓata kuɗi, tara ka saya. Ni in gyaran zai haura rabin kuɗin wacce nake hari, tarawa nake yi, amma wannan ra'ayina ne, wani zai ce maka daban kuma ba lallai ya yi kuskure ba.

Jitata tana gunji in na daina kaɗawa, ta lalace ne?

A'a, kwantar da hankalinka. Fikof mai naɗi ɗaya haka yake, yana ɗaukar gunjin wutar lantarki, ko a jita mai tsadar gaske. Don wannan ne Seth Lover ya ƙirƙiro mai naɗi biyu a Gibson, aka fara sa shi a Les Paul a 1957. A yawancin Stratocaster na yanzu, matsayi na 2 da na 4 a makunni suna kashe gunjin. Kar ka sayi sabuwar jita saboda wannan.

Amfilifayata ƙarama ce mara kyau, zan ji bambancin sabuwar jita?

A hannu za ka ji, a kunne kaɗan. In sauti kake nema, fara da amfilifayar.

In sayar da tsohuwar in cika kuɗin sabuwa?

Dan Allah kar ka yi gaggawa. Na ga mutane da yawa sun sayar sun dawo suna neman irinta ba su samu ba. In da hali riƙe su biyun ko da wata uku ne, za ka ga wacce hannunka ke kaiwa gare ta da kansa, sai ka sayar da ɗayar.

Zan iya saya ta intanet ban taɓa ta ba?

Za ka iya, amma sai inda aka yarda ka mayar in ba ta yi maka ba. Nemi a faɗa maka nauyinta a kilo, a turo hoton firet ɗin farko-farko kusa da kusa, da hoton bayan kai, da lambar da ke jikinta, don jabun Gibson da Fender sun yi yawa. Ranar da ta iso, sa mata irin tsirkiyar da ka saba, in mai kauri lamba 10 kake amfani da ita kar ka gwada ta da lamba 9, sannan ka kaɗa kowane firet a kowace tsirkiya ɗaya bayan ɗaya kafin wa'adin mayarwa ya cika.