C. S. Lewis

Clive Staples Lewis, wanda aka fi sani da C. S. Lewis, marubuci ne kuma malamin adabin Turanci. An haife shi a birnin Belfast na tsibirin Ireland ranar 29 ga Nuwamba 1898, ya rasu a Oxford ranar 22 ga Nuwamba 1963. Ya koyar a Jami'ar Oxford daga 1925 zuwa 1954, sannan ya koma Cambridge. Littattafansa sun haura talatin, amma abin da ya sa sunansa ya zaga duniya shi ne rubuce-rubucensa na bayyana addinin Kirista ga talaka da sauƙin harshe, da kuma labaran Narnia da ya rubuta wa yara. 'Yan ɗarikar Angalikan, wadda ita ce tasa, da Katolika da sauran ɗarikoki duk suna karanta shi, abin da ba kowane marubucin addini yake samu ba.

Ƙuruciya

Mahaifinsa, Albert, lauya ne. Mahaifiyarsa, Flora, 'yar limamin coci ce wadda ta karanci lissafi a jami'a. Tun yana ƙarami ya ƙi sunansa na yanka, ya ce a riƙa kiran sa Jack, kuma da wannan suna 'yan uwa da abokai suka kira shi har ya koma ga Mahaliccinsa. Shi da wansa Warren sun tashi a gida cike da littattafai, suna ƙirƙirar labaran dabbobi masu magana.

A watan Agustan 1908 cutar daji ta kashe mahaifiyarsa, yana da shekara tara. Ya yi ta addu'a Allah ya ba ta lafiya, ba ta tashi ba. Ko wata guda ba a yi ba aka tura shi makarantar kwana a Ingila, hannun wani shugaban makaranta mai mugun duka. Kafin ya cika shekara goma sha biyar ya yi watsi da addini gaba ɗaya. Daga 1914 ya zauna a gidan William Kirkpatrick, malamin da ba ya yarda ɗalibi ya furta magana ba tare da hujja ba. Shi ma Kirkpatrick bai yarda akwai Allah ba, amma a wurinsa Lewis ya koyi salon muhawarar da daga baya ya kare addini da shi.

Ya shiga Oxford a 1917, sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ja shi. Ya isa fagen daga a Faransa ranar da ya cika shekara 19, aka ji masa rauni a Afrilun 1918. Shi da abokinsa Paddy Moore sun yi alkawari cewa wanda ya tsira zai riƙe iyalin ɗan uwansa. Paddy bai dawo ba. Lewis ya riƙe mahaifiyar Paddy, Janie Moore, suka zauna gida ɗaya shekara kusan talatin, kafin ta rasu a 1951.

Dawowarsa ga addini

Ba dare ɗaya ya dawo ba, kuma ba da son ransa ba. Ya lura cewa marubutan da suka fi ratsa shi, irin su George MacDonald da G. K. Chesterton, duk masu bi ne, haka ma abokansa na kusa, ciki har da marubuci J. R. R. Tolkien, wanda suka haɗu a 1926. Da farko ya amince akwai Allah kawai, ya durƙusa ya yi addu'a a ɗakinsa na kwalejin Magdalen da ke Jami'ar Oxford, yana jin kamar an jawo shi ne da ƙarfi. Batun Yesu Almasihu ya zo daga baya. Wani dare a Satumban 1931 ya yi doguwar hira da Tolkien da wani abokinsu, Hugo Dyson, suna zagaya harabar kwalejin har tsakar dare ta wuce. Sun nuna masa cewa tsofaffin tatsuniyoyin allolin da suke mutuwa su tashi suna taɓa zuciyarsa, amma yana toshe kunne idan aka zo kan labarin Almasihu, wanda a wurinsu shi ne ya faru da gaske. Bayan 'yan kwanaki, wansa ya ɗauke shi a akwatin da ake maƙalawa a gefen babur zuwa gidan namun daji na Whipsnade. A tarihin rayuwarsa, Surprised by Joy, na 1955, ya ce da suka tashi bai gaskata ba, da suka isa ya riga ya gaskata.

Rubuce-rubucensa

A fagen ilimi, The Allegory of Love na 1936 ne ya kafa sunansa a matsayin masanin adabin tsohon zamani. Shi da Tolkien da wasu abokai suna da majalisa mai suna Inklings, inda kowa ke karanta abin da ya rubuta, a yi masa gyara ba sani ba sabo.

A 1940 ya fitar da The Problem of Pain, kan tambayar da ta raba shi da addini tun yana yaro: in Allah mai iko ne kuma mai alheri, me ya sa ake shan wahala? Littafin ya sa BBC ta gayyace shi ya riƙa jawabi a rediyo. Daga 1941 zuwa 1944, ana tsakiyar yaƙi, mutane suka riƙa sauraron sa yana bayanin abin da Kiristoci suka haɗu a kai, ba tare da shiga rigimar ɗarikoki ba. Jawaban ne aka tara a 1952 suka zama Mere Christianity. The Screwtape Letters kuwa, na 1942, wasiƙu 31 ne da wani tsohon shaiɗani yake rubuta wa ƙaramin shaiɗani, yana koya masa yadda ake ɓatar da mutum da ƙananan abubuwa, kamar gajiya da addu'a ko jin haushin uwa a kan yadda take magana.

Ba kowa ya gamsu da hujjojinsa ba. A 1948 masaniyar falsafa Elizabeth Anscombe, wadda ita ma mai bi ce, ta nuna rauni a wani babi na littafinsa Miracles. Lewis ya karɓi gyaran, ya sake rubuta babin a bugun 1960.

Labaran Narnia guda bakwai sun fito tsakanin 1950 da 1956. Asalinsu wani hoto ne da ya daɗe a cikin tunaninsa tun yana ɗan shekara 16: wata halitta rabi mutum rabi akuya, tana riƙe da laima da ƙunshin kaya a cikin daji mai dusar ƙanƙara. A littafi na farko, yara huɗu da aka kwashe daga Landan saboda ruwan bama-bamai sun shiga kabad ɗin tufafi suka ɓulla wata duniya, inda zaki Aslan ya ba da ransa a madadin yaron da ya ci amana, sannan ya tashi. Lewis da kansa ya sauki irin waɗannan yara a gidansa, The Kilns, a 1939. Tolkien bai so labaran ba, wasu masu sharhi kuma sun soki yadda aka siffanta mata da mutane masu duhun fata na Calormen, wata ƙasa a cikin labaran. Sukar tana da tushe, amma ba ta hana iyaye ci gaba da karanta wa 'ya'yansu ba.

Aure da rashi

Har ya haura shekara hamsin bai yi aure ba. Joy Davidman, marubuciya 'yar Amurka daga gidan Yahudawa wadda ta karɓi addinin Kirista, ta fara rubuto masa wasiƙa, suka haɗu a 1952. A Afrilun 1956 suka yi auren rajista domin ta samu izinin zama a Ingila. Da aka gano tana da cutar daji, sai Lewis ya gane son da yake mata na gaske ne, aka ɗaura musu auren coci a gadon asibiti a Maris 1957. Ta samu sauƙi na 'yan shekaru, har suka ziyarci Girka, sannan ta rasu ranar 13 ga Yulin 1960.

Cutar da ta ɗauke masa uwa ita ce ta ɗauke masa mata. Abin da ya rubuta a lokacin makoki ya fito a 1961 da sunan A Grief Observed, ƙarƙashin sunan aro, N. W. Clerk. Mutumin da ya amsa tambayar wahala da hujjoji shekara ashirin baya, ga shi yana cewa ya ƙwanƙwasa ƙofar Allah ya ji an rufe ta da sakata. Bai bar addininsa ba, amma bai ɓoye komai ba, shi ya sa masu makoki da yawa suka fi riƙe wannan ɗan littafi a kan sauran.

Bayan rasuwarsa

Ciwon ƙoda ne ajalinsa. Ya rasu rana ɗaya da shugaban Amurka John F. Kennedy, don haka labarin mutuwarsa bai samu wuri sosai a jaridu ba. An binne shi a cocin Holy Trinity da ke unguwar Headington Quarry a Oxford. Sai daga baya mutane suka san cewa mafi yawan kuɗin littattafansa yana ba da su ne ga mabukata a ɓoye, kuma yana amsa wasiƙun masu karatu da hannunsa, har da na yara. Masanin ƙwayoyin halitta Francis Collins yana cikin waɗanda suka ce Mere Christianity ne ya buɗe musu hanyar bangaskiya. An yi fim kan aurensa, Shadowlands, a 1993, an kuma fara fina-finan Narnia a 2005. Kwalejin Wheaton da ke Amurka tana ajiye da wasiƙunsa da teburinsa da wani kabad na gidansu, kuma a 2013, shekara hamsin da rasuwarsa, aka sa dutsen tunawa da shi a babban cocin Westminster Abbey da ke Landan, a kusurwar da aka keɓe wa mawaƙa da marubuta.