Waiwaye: Tarihin sunayen intanet da nauyinsu a kan kasuwanci

Da yammacin 4 ga Oktoban 2021, WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke har kusan awa 6. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya saba tura hoton atamfa ko farashin buhun wake ga abokin cinikinsa na Katsina yana iya zaton rezo ne ya lalace, alhali kuskure ne aka yi a cikin kamfanin da ya mallaki manhajojin uku, wanda ya sa na'urorin da ke nuna wa waya inda shafukan suke suka ɓace daga intanet.

Asalin lamarin shi ne kwamfuta lamba take ganewa, mutum kuwa sunan shafi yake riƙewa. A farkon zamani, dukkan sunayen suna cikin fayil guda mai suna HOSTS.TXT, wanda wata cibiyar bincike a Kalifoniya ta Amurka take kula da shi, kowa yana kwafa daga can. Da kwamfutoci suka yi yawa aikin ya gagara, sai Paul Mockapetris ya ƙirƙiro tsarin DNS a 1983, aka rarraba nauyin fassara suna zuwa lamba a kan na'urori masu yawa. An yi rajistar sunan .com na farko a 1985, Nijar ta samu nata ƙarshen sunan shafi, wato .ne, a 1996, sannan aka kafa hukumar ICANN a 1998 domin daidaita sunayen duniya.

Rarrabawar ba ta kawar da haɗari ba, domin daga baya manyan shafuka suka taru a hannun kamfanoni ƙalilan. A 21 ga Oktoban 2016 aka kai wa kamfanin Dyn, mai yi wa manyan shafuka aikin fassara suna zuwa lamba, hari da tarin kyamarori da ƙananan na'urorin da aka yi wa kutse, Twitter da Netflix da PayPal suka gagara buɗuwa ga jama'a da yawa, duk da cewa kwamfutocin shafukan suna aiki.

A ganina, abin da ya fi kusa da otal ko kamfanin sufuri a Maraɗi ya fi wannan sauƙi. Sunan shafi haya ne da ake sabuntawa, galibi shekara-shekara, kuma sau da yawa wanda ya gina shafin shi ke yin rajista da sunansa. Idan ya yi tafiya wa'adi ya cika, shafi da wasiƙun imel duk sai su tsaya, daga baya ma wani yana iya sayen sunan. Ya kamata mai kamfani ya tabbatar rajistar tana ɗauke da sunansa, ya san ranar ƙarewarta, ya kuma nemi a ɗora sunan a kan na'urorin kamfanoni biyu daban.